Ka Tsinci 'Yar Kyanwa? Ga Yadda Ake Ceto Ta Har a Sama Mata Gida

Tambayar abin da za a yi da 'yar kyanwar da aka tsinta ta ƙi ƙarewa, musamman da damina da farkon hunturu. Wani zai ce ya kwana yana jin kuka a cikin silin, wata ta ce yara sun kwaso mata 'ya'yan mage a kwali daga bola, wani kuma ya ga babur ya take muzuru a bakin kwata. Yawancin masu tambayar da magana ɗaya suke rufewa: sun ba ta madara, sun yi mata wanka, gari na wayewa suka tarar ta mutu. Abin yana yi mini ciwo, domin da yawa daga cikin 'ya'yan nan da sun rayu da an san abin da ake farawa da shi. Madara a cikin sanyi, wanka, da maganin ƙwari su ne suke ƙarasa su, kuma duk da kyakkyawar niyya ake yi. Ga matakan a jere. Kada ka tsallake ɗaya don sauri.

Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Yawancin abin da ake buƙata yana cikin gida: kwali mai ƙwari, tsofaffin zannuwa ko tawul, robar ruwa mai murfi, auduga, gishiri, sukari, sabulu, da mataji mai ƙananan haƙora. A kemis za ka sayi sirinji, na mil 2 ko mil 5, ka cire allurar ka yar a inda yara ba za su gani ba. In kana da ƙaramin sikelin kicin mai auna giram, ka samu babban mataimaki.

Kuɗi a wuri uku yake tafiya. Na farko madarar 'ya'yan kyanwa ta gwangwani, wadda ake shigo da ita daga waje, sai a manyan kantuna da shagunan kayan dabbobi. Na biyu ganin likita da alluran rigakafi. Na uku aikin hana haihuwa, shi ne mafi tsada, amma sau ɗaya ake yin sa. Asibitin dabbobi na gwamnati ya fi na kuɗi sauƙi nesa ba kusa ba. Ka tambayi farashi kafin a taɓa dabbar, kuma in aljihu bai kai ba, ka fara da rigakafin ciwon haukan kare, sauran su biyo baya.

1. Tsaya ka duba kafin ka ɗauka

Ba duk 'ya'yan da ka gani su kaɗai ne marayu ba. Uwa takan fita neman abinci ta yi awanni, wani lokacin kuma tana tsakiyar kwashe su ɗaya bayan ɗaya zuwa sabon maɓoya. Idan ka same su tsaf, cikinsu a cike, sun cure wuri ɗaya suna barci, uwarsu tana kusa. Idan sun yi datti, jikinsu da sanyi, suna ta kuka ba tsayawa, ko cinnaka ta fara hawansu, to an daɗe ba a zo musu ba.

In kana shakka, barbaɗa toka ko garin tuwo a kewayen wurin, ka tafi, ka hana yara zuwa. Bayan awa uku ko huɗu ka dawo ka duba sawu. Muddin kana tsaye a kansu uwar ba za ta fito ba. Idan ka ga sawunta, aikinka ya yi sauƙi: ajiye mata ruwa da abinci kullum a ɗan nesa da 'ya'yan, ka kare su daga rana da ruwan sama. Babu madarar da ta kai nonon uwa, kuma dakashin da suke sha a ranar farko shi ne garkuwarsu daga cututtuka.

Gargaɗi: ba a jira idan suna cikin kwata hadari ya haɗo, ko suna kan titi, ko a tsakar rana, ko inda karnuka ke kaiwa. Matsar da su nan take zuwa inuwa mafi kusa. Maganar da ake yi cewa uwa tana ƙin ɗanta don mutum ya taɓa shi ba ta kai ta hana ka ceton rai ba.

2. Ɗauka ba tare da ka ji ciwo ba

Ƙananan da ba su fara gudu ba, tallabo su da tsumma ka sa a kwali. Babbar kyanwa mai rauni ita ce abin tsoro, domin zafin ciwo yana sa ta ciji ko da mai ita ne. Matso a hankali ta bayanta, ka jefa mata tawul mai kauri ya rufe kanta da jikinta, ka naɗe, ka ɗaga gaba ɗaya ka saka a kwalin da ka riga ka huhhuda. Rufe ka ɗaure. In kana zaton ta karye a baya, tura falanki ko kwali mai tauri ƙarƙashinta ka ɗaga da shi. Ba a sa ta a buhu ko leda, ba a riƙe ta a hannu a cikin adaidaita sahu, ba a kuma rufe ta a but ɗin mota.

Wadda ta maƙale a gam ɗin ɓera, kada ka fizge ta, fatar za ta biyo. Zuba man gyaɗa a inda gashin ya manne, ka riƙa murzawa da yatsa kaɗan-kaɗan har ta saku, sannan ka goge man da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi, ka busar da ita sosai. Kananzir da fetur suna ƙona fata, in ta lasa kuma guba ne. Wadda ta faɗa rijiya ko sokawe, zura mata kwando da igiya, ko dogon katako da aka naɗe da buhu ta hau. Kada kowa ya shiga. Iskar ƙasan irin waɗannan ramuka tana kashe mutum. In abin ya faskara, kira 'yan kwana-kwana.

Gargaɗi mafi girma a wannan jagora: kyanwa ma tana ɗaukar ciwon haukan kare. In ka ga tana dalala, tana tangaɗi, tana kai hari ba dalili, ko ƙafafun baya sun shanye ba tare da alamar rauni ba, kada ka taɓa, ka kori yara, ka kira likitan dabbobi. In ta cije ka ko ta yakushe ka, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, ka duba agogo, sannan ka tafi asibiti a ranar. Su za su yanke shawarar allurar rigakafin haukan kare da ta tetanus. Kada ka tsaya shafa toka ko neman tofi kawai. Da zarar alamun cutar sun bayyana a jikin mutum, kusan babu wanda yake tashi. Dabbar da ta yi cizon a killace ta kwana 10 ana lura da ita, amma ba a jiran kwanakin su cika kafin a je asibiti.

3. Ɗumi kafin abinci

Nan ne aka fi yin asara. Kafin ta kai mako huɗu, 'yar kyanwa ba ta iya riƙe zafin jikinta da kanta. Idan ta yi sanyi hanjinta yana tsayawa, madarar da ka ɗura mata sai ta zauna a ciki ta lalace, ko ta koma huhu.

Taɓa kunnuwanta da tafin ƙafarta, ka sa ɗan yatsa a bakinta. In ka ji sanyi, naɗe ta a tsumma ka sa ta cikin rigarka a ƙirji. Ka cika roba da ruwan ɗumi, ka naɗe robar da zane, ka ajiye a gefe ɗaya na kwalin, ka bar ɗaya gefen babu komai don ta ja jiki in zafi ya yi mata yawa. Ɗumamawar a hankali ake yi, rabin awa zuwa awa guda. In ta yi laushi ƙwarai, dama sukari a ɗan ruwan ɗumi, ka dangwala da yatsa ka shafa mata a dasashi duk bayan 'yan mintuna. Shafawa kawai, ban ce ɗurawa ba.

Gargaɗi: ba a kai ta kusa da garwashi ko risho, ba a shanya ta a rana. Ba a yi mata wanka a ranar farko komai dattinta, tsumma mai ɗumi ya isa. Da bazara kuma matsalar juyewa take: kwali a ɗakin kwano da azahar yana iya kashe ta. Sai ka nemi ɗaki mafi sanyi a gidan.

4. Ƙiyasta kwanakinta

Da wannan za ka san abin da za ta ci. Ido a rufe, kunne a lanƙwashe, wataƙila da cibiya a maƙale: ba ta wuce mako ɗaya ba, nauyinta kusan giram 100. Ido yana buɗewa tsakanin kwana 7 da 14, kada ka buɗe shi da hannu. Tana rarrafe tana faɗuwa, ƙananan haƙoran gaba sun fara ɓullowa: mako uku. Tana tafiya sosai, tana wasa, fiƙa ta fito: mako huɗu zuwa biyar, ta isa fara lasar abinci. Wadda take gudu tana ɓuya ta wuce matakin sirinji, sai ka tsallaka zuwa mataki na 7.

5. Ciyarwa

Madarar shanu, ko ta gari da muke shan shayi da ita, tana sa su zawo, kuma ba ta da ƙarfin da suke buƙata. Zawo ga halittar da ba ta kai giram 200 ba hanyar mutuwa ce. Kunu da koko ma ba abincinsu ba ne. Abin da ya dace shi ne madarar da aka yi don 'ya'yan kyanwa, a dama ta yadda aka rubuta a jikin gwangwanin. Kafin ka samo ta, ga abin rufin asiri na kwana ɗaya ko biyu: tafasa nonon akuya kofi ɗaya, ka bar shi ya huce, ka kaɗa gwaiduwar ƙwai ɗaya a ciki, ban da farin.

Mafi alheri daga duk wannan, in Allah ya sa akwai kyanwa mai shayarwa a unguwa wadda 'ya'yanta sa'anninsu ne. Goga musu tsumman da take kwanciya a kai, ka ajiye su a tsakiyar nata, ka tsaya ka gani. Sau da yawa takan karɓa. In ta yi gurnani ta kai musu duka, janye su.

Yawan abin da ake ba ta a kowane zama:

Mako na 1: mil 2 zuwa 6, duk awa biyu.
Mako na 2: mil 6 zuwa 10, duk awa biyu zuwa uku.
Mako na 3: mil 10 zuwa 14, duk awa uku zuwa huɗu.
Mako na 4: mil 14 zuwa 18, duk awa huɗu zuwa biyar.

Wannan har da dare. Ba zan ɓoye maka ba, makonni biyun farko wahala ce. Ku raba dare da wani a gidan, wani ya riƙe daga isha'i zuwa tsakar dare, wani daga nan zuwa asuba.

Ɗiga madarar a wuyan hannunka, ka ji ta da ɗumi ba zafi ba. Kwantar da ita ruf-da-ciki a kan tawul, yadda za ta kwanta a jikin uwarta, kai ya ɗan ɗago. Sa bakin sirinjin ta gefen bakinta, ka matsa ɗigo ɗaya, ka jira ta haɗiye. Idan ta kama, za ka ga kunnuwanta suna rawa a hankali tare da haɗiyar, ƙafafun gaba suna tattaka tawul ɗin. Ka bi saurinta. In ta juya kai, ta ƙoshi.

Gargaɗi: ba a riƙe ta rigingine kamar jariri. Madara tana shiga huhu, bayan kwana biyu numfashi ya gagara. In ka ga madara tana fitowa ta hanci, tsaya nan take, ka sunkuyar da kanta ka goge. Inda wuta ba ta zama, kada ka dama da yawa ka ajiye, dama na zama ɗaya ka zubar da saura. Wanke sirinji da ruwan zafi kowane lokaci.

Auna ta kullum a lokaci ɗaya ka rubuta. Mai lafiya tana ƙara giram 10 zuwa 15 a rana. In nauyi ya tsaya kwana biyu ko ya ragu, akwai matsala, ko da kana ganin tana sha.

6. Fitsari da kashi

Mutane da yawa ba su san da wannan ba. Kafin mako uku zuwa huɗu ba ta iya yin su da kanta, uwa ce take lasar ta su fito. Bayan kowace ciyarwa, jiƙa auduga da ruwan ɗumi, ka riƙa shafa ƙarƙashin wutsiyarta a hankali. Fitsari zai fito kusan kowane lokaci, kashi kuma kamar sau ɗaya a rana, ruwan ɗorawa, mai ɗan kauri. Goge ta ka busar. In ta wuce kwana biyu ba kashi cikin ya yi tauri, ko kashin ya koma ruwa, ko fitsari ya yi duhu, a kai ta wurin likita ranar.

7. Ƙuma, ido da rauni

Buɗe gashin ciki da wuya. In ka ga baƙaƙen ƙwari suna gudu, ƙuma ce, kuma tana iya shanye jinin ƙaramar kyanwa har ta mutu. Ɗaga leɓenta: dasashi mai lafiya ja-ja ne, in ya yi fari jini ya yi ƙasa. Taje ta da mataji, kana tsoma abin da ya fito a ruwan sabulu. Canza tsummokin kwanciya kullum, ka wanke da ruwan zafi. Maganin ƙuma kuwa sai wanda likita ya zaɓa daidai da kwanakinta.

Ido mai kwantsa, tafasa ruwa rabin lita da gishiri ƙaramin cokali ɗaya, ka bari ya huce, ka goge da auduga daga gefen hanci zuwa waje, kowane ido da tasa audugar. Da wannan ruwan gishirin ake wanke ƙaramin rauni. Rauni mai zurfi, ko mai tsutsa, ko karaya, aikin likita ne.

Gargaɗi, kuma ina roƙon a karanta wa mutanen gida: parasitamol yana kashe kyanwa. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya ta isa ta halaka babba. Haka ibuprofen da diclofenac, suna lalata ƙoda. Dettol da Izal guba ne gare ta, ko a wanka ko a goge ƙasa ta taka ta lasa. Fiya-fiya, Sniper, maganin kaskar shanu da maganin ƙumar karnuka mai sinadarin permethrin suna sa ta jijjiga har ta mutu. Baƙin mai da ake shafa wa dabbobi a kan ƙazuwa shi ma guba ne.

In ka ga gashi ya zube a zagaye fatar ta yi fari, makero ne, kuma yana kama mutane, musamman yara. Wanke hannu bayan taɓa ta. In akwai wasu kyanwoyi a gidan, ka ware baƙuwar mako biyu.

8. Ganin likitan dabbobi

Ka kai ta cikin kwana biyu na farko ko da kana ganin lafiyarta ƙalau. Jihohi suna da asibitocin dabbobi a ƙarƙashin ma'aikatar gona ko ta kiwo. Akwai kuma asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, ga kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa a Vom, jihar Filato, inda ake gwajin haukan kare. Da yake yawancin aikin likitocinmu a kan shanu da tumaki da kaji yake, ka tambaya kai tsaye ko suna duba kyanwa.

Abin da za a yi: maganin tsutsar ciki daga mako biyu zuwa uku, a maimaita bayan mako biyu. Allurar rigakafin cututtukan kyanwa a mako 8 ko 9, ta biyu bayan mako uku ko huɗu. Ta haukan kare a wata uku, sannan duk shekara. Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da wannan cuta ta duniya, kuma a daidai lokacin hukumomi sukan shirya rigakafi kyauta, sai ka sa kunne.

Gargaɗi: ka ga an ciro kwalbar rigakafin daga firij ko kula mai ƙanƙara, wadda ta sha zafi ba ta aiki. Ka tabbatar ta kyanwa ce, domin akwai wadda aka yi don karnuka kaɗai. Ka karɓi kati mai kwanan wata. Kuma kada ka yarda mai sayar da maganin dabbobi a kasuwa ya yi mata allura da ƙiyasin ido. Ma'aunin da ya saba da shi na awaki ne, ita kuwa ba ta kai kilo ɗaya ba.

9. Yaye da zaman gida

Daga mako huɗu, dama dafaffen kifi marar ƙaya ko naman kaza da madarar tata ya yi ruwa-ruwa, ka sa a faranti, ka shafa mata kaɗan a baki. Ka ci gaba da sirinji kana ragewa har mako shida ko bakwai. Kyanwa mai cin nama ce. Tuwo da shinkafa zalla ba sa riƙe ta, sai an haɗa da kifi, nama, ko dafaffen ƙwai. Ragowar miya ba ta dace ba, saboda albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini. Ruwa mai tsabta ya zauna kullum.

Don bayan gida, zuba yashi a tsohuwar roba mai faɗi, ka ɗora ta a kai bayan ta ci, ka ɗan tona da ƙafarta. Cikin kwanaki kaɗan za ta gane. A kwashe kullum, kuma mace mai juna biyu ta bar wa wani wannan aikin, saboda wata ƙwayar cuta da ke cikin kashin kyanwa tana iya cutar da ɗan tayi. In ta yi kuskure a ɗaki, duka ba ya koya mata komai, tsoronka kawai za ta riƙa ji.

10. Hana haihuwa

Wannan matakin ake tsallakewa, shi ya sa bola ba ta rabuwa da 'ya'yan mage. Mace tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu ko biyar, cikin kwana 63 zuwa 65 ne, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, uku zuwa biyar kowane karo. Gidan da ya karɓi ɗaya da murna, bayan shekara ɗaya shi ne zai ɗura goma a buhu a kai bayan gari.

Tsakanin wata huɗu da shida likita zai cire wa mace mahaifa, ya dandaƙe namiji, bayan an yi musu allurar barci. Na namiji ya fi sauƙi da arha, kuma yana rage yawon dare, faɗa, da fitsarin da yake fesawa a bango. Bayan aikin a tsare ta a ɗaki kwana 10, a hana ta lasar ɗinkin. Wasu suna jin nauyin abin ta fuskar addini. Malamai da yawa sun halatta shi idan akwai maslaha kuma ba azabtarwa, wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa.

Gargaɗi: ba a yi da reza ko ɗaurin roba a gida. Ba a kuma yi mata allurar tazarar haihuwa ta mata, tana jawo ruɓewar mahaifa da ƙari a nono.

11. Nemo mata gida

Kada ka bayar kafin mako takwas, ta iya ci da kanta, an yi mata allurar farko. Fara da dangi, maƙwabta da abokan aiki, inda za ka iya leƙawa. Ɗauki hotonta da rana, ka faɗi gaskiya a kan kwanakinta da lafiyarta da halinta.

Kafin ka miƙa, ka yi tambaya. Maigida da uwargida sun yarda, ko sha'awar yaro ce kawai? In gidan haya ne, mai gidan ya sani? Akwai tattabaru ko 'yan tsaki? Sau da yawa a kan tsaki ake kashe kyanwoyi a unguwa, gara a san yadda za a rufe akurki tun yanzu. Suna sa shinkafar ɓera? Wa zai kula da ita in sun yi tafiya? Mai shago ko mai sito da yake so don ɓera, babu laifi, da sharaɗin zai riƙa ba ta abinci da ruwa, kuma zai daina sa guba, domin ɓeran da ya ci guba yana kashe kyanwar da ta ci shi. Zancen cewa sai an bar ta da yunwa take kama ɓera ba gaskiya ba ne, ƙosasshiya ta fi ƙarfin farauta.

Gargaɗi: kada ka ba yaro a kan hanya. Ka yi hattara da baƙon da ya nace sai baƙa wuluk, bai tambayi me take ci ba, yana gaggawar biya ya tafi.

Ka haɗa masa da katin rigakafi da tsumman da take kwanciya a kai. Ka ce ya rufe ta a ɗaki mako biyu kafin ta fara fita, in ba haka ba za ta gudu neman inda ta saba. Ka faɗa masa a fili: in zaman bai yiwu ba ya dawo maka da ita, ba za ka ji haushi ba. Bayan mako ɗaya ka je ka gani da idonka.

12. Idan ka ga ana azabtar da dabba

Yara masu jifa ko ɗaure wa kyanwa igiya a wuya, fara raba su da ita, sannan ka yi magana ba da zagi ba. Yawancinsu ba wanda ya taɓa gaya musu tana jin zafi. Ba wa babbansu aikin kawo mata ruwa, sau da yawa shi ne zai koma mai gadinta. Ka tuna musu hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ba. Masu cewa baƙar kyanwa mayya ce ko aljana, ka tuna musu cewa Annabi (SAW) ya ce kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-komo a tsakaninmu, bai kuma ware wani launi ba.

Babban mutum kuwa, same shi shi kaɗai, kada a gaban jama'a. Sau da yawa akwai abin da ya tunzura shi: an cinye masa tsaki, ko ana yi masa kashi a tsakar gida. Ka zo da mafita, ka taya shi sa waya a akurki, ko a riƙa rufe kyanwar da dare. In ya ce guba zai sa, ka nuna masa cewa kaji da awaki da yaran unguwa duk a wannan lungun suke yawo. In ya ƙi ji, a kai maganar ga mai unguwa ko liman. Dokar final kot ta Arewa ta sanya azabtar da dabbar gida cikin laifuka, saboda haka in abin ya kai ga zuba ruwan zafi, ƙonawa ko sara, ɗauki hoto, rubuta rana da wuri, ka sami shaida ɗaya ko biyu, ka fara kai dabbar wurin likita ya rubuta abin da ya gani, sannan a kai ƙara ofishin 'yan sanda da takardar a hannu.